Murhun Inna Da Mitar Kawu

'Yan'uwa ɗalibai, akwai wata cuta da ke kama ɗan jami'a ran da ya koma gida hutu, watau ya riƙa ganin kowa a duhu yake, shi kaɗai ne mai fitila. Ni ma ta kama ni a hutun da ya wuce, kuma a kan kuɗin wuta ne.

Kafin in isa garinmu, Gurbin Ɓore, can ƙasar Zurmi, na yada zango a gidan Kawuna a Ƙauran Namoda. Na tarar da shi yana ta faɗa a kan takardar kuɗin lantarki. Nan da nan na zaro biro na shiga lissafi. Na ce masa ƙwan fitila irin na da yana shan wat 60, alhali kuwa sabon nan da ake kira LED mai wat 9 zai ba shi kusan hasken nan. In ana kunna ƙwai ɗaya awa biyar kullum, tsohon zai ci yunit 9 a wata, sabon kuwa ko yunit ɗaya da rabi bai kai ba.

Kawu ya saurara har na gama, sa'an nan ya ce, "Ɗana, lissafinka ya fita. Amma ni ba ni da mita. Ƙiyasi ake yi mini, ko na kunna ko na kashe, takarda ɗaya za a kawo. To, wa zan yi wa tattalin?"

Nan bakina ya mutu. Gaskiya ne a shekarar 2020 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin raba mita kyauta, da tallafin Babban Bankin Nijeriya, aka raba kusan miliyan ɗaya a zangon farko. Amma me miliyan ɗaya za ta yi a ƙasa irin tamu? Kawu bai samu ba. Ƙwayayen dai na canza masa, don kada in tashi da kunya.

Da na isa gida na ba Inna labari, sai ta yi dariya har da tafawa. Gidanmu babu wayar lantarki, balle takarda. Ta nuna mini murhu da haɓa ta ce, "Ga lantarkinmu nan, ɗan boko. Shi ka cin kuɗin gidan ga."

Sai a ranar na zauna na duba. Muna yara ba mu san ana sayen itace ba. Da hantsi mu kora jaki zuwa daji, kafin azahar mun dawo da kaya. Yanzu kuwa wace uwa ce za ta tura ɗanta daji a ƙasar Zurmi? Ƙanena ya taɓa fita shi da sa'o'insa, suka hango babura daga nesa, suka watsar da gatari da igiya suka sheƙo. Tun ran nan Inna ta rantse gara a kwana da gari a kwano da ya sake zuwa. Saboda haka itace ya zama na saye, mai kawo shi kuma sai ya ɗora ladan kasadar ransa a kai. Da aka cire tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota da na niƙa suka bi sahu. Kananzir da gas kuwa, sai dai a ji a bakin 'yan birni.

Murhunmu na duwatsu uku ne, irin wanda muka gada. Aibinsa shi ne a buɗe yake ta ko'ina. Harshen wuta ya fita ta gefe, iska ta kwashe zafin, tukunya ta sami ɗan abin da ya saura, hayaƙi kuma ya ƙare a idon mai tuƙi. Masana sun daɗe da gane haka. Cibiyar Binciken Makamashi da ke Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ta yi aiki a kan ingantattun murahu, a Nijar ma tun shekarun 1980 aka yaɗa wani na ƙarfe mai suna Mai Sauƙi. Akwai kuma Save80, wanda masu shi ke cewa yana rage cin itace har kashi 80 cikin ɗari. Sai dai ban taɓa ganin ko ɗaya a tsakar gidan kowa a unguwarmu ba, kuma a ganina wannan abin tambaya ne gare mu da malamanmu. Ina amfanin binciken da bai wuce ƙofar jami'a ba?

Mu dai yumɓu muka kwaɓa da ƙaiƙayi da kashin jaki. Muka kewaye duwatsun daidai gindin tukunyar tuwo, muka bar ƙofa ɗaya ta sa itace, da ɗan sarari tsakanin tukunya da bango inda hayaƙi zai bi. Na farko ya tsage, don gaggawata ta sa na hura masa wuta bai bushe ba. Inna ba ta ce uffan ba, abin da ya fi faɗa ciwo. Na biyu ita ta gina da hannunta, ta bar shi kwana bakwai a inuwa.

Ashe kuma rabin dabarar tana wurinta tuntuni. Ba ta ɗora wake sai ya kwana a ruwa, ba ta barin tukunya babu murfi, in ta sauke sai ta janye ragowar itacen ta turbuɗe a toka. Damin da kan yi mana kwana biyu, yanzu yana kai uku, ran da babu baƙi har da safiyar na huɗu.

Ran da zan dawo makaranta na iske matan maƙwabta biyu tsugune gaban murhun suna auna shi da taƙi. Inna na yi musu bayani, ko sunana ba ta ambata ba. Kawu kuwa na biya ta wurinsa a Ƙaura, har yanzu yana jiran mita.