Ranar da kunun zaƙina ya kusa zama burkutu

Jiya wata amarya da aka kawo mana nan Sabo ta Ibadan ta shigo da kofin kunun zaƙi, idonta ya ciko da ƙwalla, wai in ɗanɗana in faɗa mata abin da ya same shi. Ina kurɓa sai na tuno kaina a azumin 2007, watana biyar kacal da zuwa daga Zariya.

Lokacin maigidana ya ba ni ɗan jari, na ce kunun zaƙi zan riƙa yi ana kai wa ƙofar masallaci da shan ruwa. Ban taɓa yi ni kaɗai ba, amma na sha ganin Innarmu tana yi, sai na ɗauka gani ya isa. Na jiƙa gero mudu huɗu, na kai niƙa da citta da kanumfari da busasshen dankali, na raba ƙullun biyu, na dama babban kason da tafasasshen ruwa, na juye ɗanyen a kai. Ya kwana, na tace, na ji babu zaƙi, sai na antaya sukari. Na ɗura a jarka na toshe. Ran nan ruwan sama ya hana yaro fita da shi, ga babu wuta, ya sake kwana a ɗaki.

Washegari da magariba ana buɗe jarkar sai ta yi fus, kumfa ta taso. Kawun maigidana ya sansana, ya ce wa yaron, “Koma ka tambayi amarya, kunu ta aiko ko burkutu?” A gaban mutane, cikin azumi! Wallahi na fi jin zafin maganar nan a kan jarin da ya tafi. A baƙon wuri sunanka shi ne jarinka.

Wata tsohuwa a gidanmu, haifaffiyar Sabo, muna ce mata Goggo, ita ta zaunar da ni. Ta ɗan taɓa a harshe ta tofar, ta ce, “'Yar nan, ba laifi ɗaya ba ne, huɗu ne, kuma kowanne da muryarsa.”

Na farko ɗoyin da ke bin bayan maƙogwaro. Kwana biyu geron ya yi a ruwa ban canja ba. A Zariya da hunturu sai a sha da haka, amma a zafi da laimar Ibadan kwana ɗaya ya isa, a kuma wanke shi tas kafin niƙa.

Na biyu wani yaji-yaji da ƙarni. Wannan na inji ne. Nan garin tattasai da albasa da wake ake wuni ana markaɗawa, ni kuwa da rana tsaka na je na bi layi. Ta ce in riƙa sammako, in tafi da ruwana a ɗauraye injin a gabana.

Na uku jarkar. Ta manja ce aka wanke, ita kuwa roba ba ta mantuwa.

Na huɗu shi ne babba, wato kumfar da warin giya. Ashe da zafinsa na juye ɗanyen ƙullun. Dankalin da ke ciki shi ke tsinka kunun ya fito da zaƙi daga jikin geron, amma sai an bari ya huce har yatsa na iya jurewa. Zafi ya yi yawa, ya kashe masa ƙarfi. Shi ya sa na rasa zaƙi na koma wa sukari. Daga baya na fahimci aikin da dankali ke yi a kunu shi tsiron dawa ke yi wa masu burkutu. In zaƙi ya samu ɗumi da lokaci, yis ɗin da ke cikin hatsi da mazubi sai ya ci shi, ya fitar da iska da barasa. Ɗan tsamin kwana ɗaya na kunu ne, ba komai. Amma in ka ga kumfa na tashi da kanta, murfi na huci, to ya kama wata hanya.

Na ce ko a tafasa a gyara? Goggo ta ce, “Abin da zuciya ta yi shakka a kai, kwata ce mai shi.” Na zubar ina kuka.

Tun daga nan mudu ɗaya nake yi, sukari sai za a fita da shi, in babu ƙanƙara ba ya sake kwana. Kafin sallah kawun nan da kansa yake aiko da jug.

Ita amaryar jiya nata warin rima ne: geron ya sha danshi a buhu ya yi hunhuna tun kafin ta jiƙa. Wannan ba ya gyaruwa, shansa ma cuta ne. Na auna mata mudu ɗaya cikin nawa, na ce gobe da asuba ta zo mu je inji tare.

Allah Ya rufa mana asiri a inda muke.