Yadda Na Dafa Dutsen Olumo

Masu iya magana sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Na haddace wannan karin magana tun ina aji ɗaya a jami'a, amma sai da na zauna gaban dutse na gaske, riƙe da burushi, sannan na fahimce ta.

Ni ɗan Abeokuta ne. Daga barandar gidan kakata ana hangen Dutsen Olumo, inda Egbawa suka fake lokacin yaƙe-yaƙe har suka kafa garin wajen 1830. A ƙarƙashinsa kuwa ga jajayen rufin kwano masu tsatsa. A 2022 dangi suka yanke shawarar sayar da gidan, aka mayar da kaka Legas. Na aika mata da hoton wurin ta waya, sai ta ce wannan ba garinta ba ne, ya yi mata ƙanƙanta. Maganar ta tsaya mini a rai.

A shekarar ne malaman jami'o'i suka yi yajin aiki na wata 8. Maimakon zaman kashe wando, sai na je wurin wani dattijo mai zane a unguwarmu, na roƙe shi ya koya mini zane da fentin mai. Shi ne ya fara ba ni labarin Aina Onabolu, mutumin Ijebu-Ode da ya rasu a 1963, wanda ya yi fafutukar a sa darasin zane a makarantun Nijeriya.

Zanena na farko abin dariya ne. Na cika dutsen da baƙin launi, sai ya zama kamar zai faɗo kan gidajen. Baba ya ce, "Ɗana, ka zana abin da ka sani ne, idonka bai gani ba tukuna." Ya nuna mini cewa abin da ke nesa launinsa yakan dushe, ya karkata zuwa shuɗi, saboda iskar da ke tsakani. Na kusa kuwa shi ke da kaifin launi.

Na biyu ya fi ba ni takaici. Gaggawa ta sa na lafta fenti mai kauri a ƙasa, na bi shi da tsinkakke kafin ya bushe. Bayan wasu makonni sai sararin samaniyar ya tsattsage kamar busasshiyar fadama. Ashe fentin mai sai ya sha iska a hankali kafin ya daskare, abin da kan ɗauki kwanaki. Don haka ƙa'ida ita ce a fara da tsinkakke, sannan a riƙa ƙara man linsid a kowane shafi na sama. Kuɗin yadin kanbas da fenti duk sun tafi a banza, ga ranar miƙa makullin gida tana matsowa.

Na uku na bi shi sannu. Na fara da ruwan ƙasa-ƙasa don shata wurin haske da inuwa, na jira mako guda, sannan sama, sannan dutse, rufin gidaje a ƙarshe. Kullum da ƙarfe 7 na safe nake hawa baranda, domin hasken ya zama iri ɗaya. Na gama saura kwana 4 mu fita.

Da na kai wa kaka, ta daɗe tana kallo ba ta ce uffan ba. Can sai ta ɗora yatsa a gefen hagu, ta ce, "Ina mangwaron da kakanka ya dasa?" An sare bishiyar nan tun kafin a haife ni. Na ɗauko burushi, tana kwatanta mini tsayinta da inda inuwarta ke sauka, ni kuma ina zanawa.

Yanzu zanen yana rataye a ɗakinta. Mai karatu, in ka gan shi kada ka nemi mangwaron a Abeokuta, ba za ka same shi ba.