Daga Santolo Zuwa Birnin Kudu A Kan Keke

Asalin wannan tafiya tamu kunya ce. A zangon karatun da ya wuce, sa'ad da aka rarraba mu makarantu don mu gwada koyarwa, mu huɗu aka haɗa a makaranta guda, aka ba mu darasin tarihi. Ɗayanmu ya tsaya gaban allo yana zuba labarin Sarkin Kano Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1349 zuwa 1385, da yadda Wangarawa suka zo daga Mali a zamaninsa da addinin Musulunci, da yadda ya ci Santolo da yaƙi. Sauranmu muna bayan aji muna jin daɗi, don kuwa bai yi tuntuɓe ko ɗaya ba. Sai wani ɗan yaro ya ɗaga hannu, ya ce, "Malam, a ina Santolon ta ke?" Abokinmu ya dubi allo, ya dube mu, ya ce, "Tana can nesa." Wani yaron kuma ya ce, "Malam, ai kusa da garin kakata ce, ran sallah ma mun je." Malaminmu da ya zo duba mu bai ce uffan ba, sai muka ga ya rubuta wani abu a littafinsa.

To, da aka ba da hutu cikin watan Disamba, muka yi shawara mu je mu gani da idonmu, mu zarce har Birnin Kudu, watau tafiyar kamar mil 80 daga Kano. Kekuna biyu namu ne, biyu na aro. Muka ɗaure tabarmi da barguna a kariya, da buta, da famfo, da sholisho da 'yar roba don faci, da ƙuli-ƙuli da garin rogo. Iyayenmu ba su yarda ba sai da muka yi alkawarin abu biyu: ba za mu yi tafiya bayan la'asar sakaliya ba, kuma ba za mu kwana a gari ba sai mun gai da mai garin.

Muka fita Kano bayan sallar asuba, hazo ya rufe gari, sanyi na cizon yatsu. Kafin hantsi ya dubi ludayi mun isa ƙasar Dawakin Kudu. Da muka yi tambaya, wani manomi da ke ɗaure karan dawa ya nuna mana da baki, ya ce, "Ga shi can, samari. Me kuka ajiye a kai?" Muka bar masa kekunan muka hau.

Gaskiya da fari ranmu bai yi daɗi ba. Mun zaci za mu tarar da ganuwa da ƙofofi, sai ga duwatsu da ƙaya da tsingaron tukwane warwatse. Amma da muka kai bisa muka juya, sai muka gane abin da littafi bai gaya mana ba. Daga nan mutum na hangen mai zuwa tun yana nesa ƙwarai, doki kuwa ba shi da wurin sa ƙafa, kuma mutum goma da duwatsu a hannu sa tare hanyar mutum ɗari. Ashe shi ya sa Tarihin Kano ya nuna Yaji bai sami garin da sauƙi ba, sai da Wangarawa suka taimake shi da addu'a. Mutanen Dala ma a gindin dutse suka fara zama, saboda wannan dalili da kuma tamar da su ke narkawa. Muka daɗe zaune, ba mai magana.

Muka biya ta Tsakuwa, garin da Malam Hamza ya tashi da jama'arsa wajen 1846, bayan sun ƙi biyan kuɗin ƙasa, suka shige duwatsun Ningi. Daga baya zuriyar wannan hijira ce ta yi shekaru tana kai hari kudancin ƙasar Kano. Mun so mu daɗe, amma rana ta yi.

Kashegari Juma'a ce, ranar kasuwar shanu ta Wudil. Muka sauka muka tura kekuna a kan gada, don garke ya cika ta, ga manyan motoci na ta ƙaho a banza. Muka yi sallar Juma'a can, muka sha fura. Daga Wudil ne wahala ta fara. Iskar hunturu ta sa mu gaba, mai nauyi, har mutum ya taka feda da iyakar ƙarfinsa ya ga kamar a wuri guda ya ke. Leɓunanmu suka tsattsage. Faci uku muka yi a wuni guda, duk a keke ɗaya na aro, har muka sa masa suna Mai Tari. Mun ratsa Takai, inda Yusufawa suka taru a 1893 lokacin Basasar Kano, amma mu faɗi gaskiya, gajiya ta hana mu tambayar kome sai inda rijiya ta ke.

Saura kaɗan mu isa Birnin Kudu, muka bar kwalta muka bi wata 'yar hanya da aka ce yanke ce. Ta hau wani fa, sa'an nan ta gangara. Autanmu, wanda ya ke kan Mai Tari, ya saki keke yana ihu don murna. Da ya zo kwana ya matsa birki, sai birki ya ƙi. Muna gani ya bar hanya, ya yi karo da dutse, ya tashi sama ya faɗo. Kai, ba mu taɓa jin tsoro irin na ran nan ba! Gwiwarsa ta tsage, jini na zuba, gaban keke kuwa ya lanƙwashe kamar lauje. Laifinmu ne mu duka, don tun daga Wudil ya ke cewa robar birkinsa ta cinye, muka ce ya yi haƙuri sai mun kai gari.

Wasu mata masu itace suka kai mu wani ƙauye. Muka faɗi muka yi gaisuwa, muka ce, "Ranka ya daɗe, baƙi ne mu, 'yan makaranta." Mai garin bai tambayi takardarmu ba. Ya sa aka dafa ruwa da gishiri aka wanke ciwon, ya sa ɗansa ya ɗauki autanmu a babur zuwa asibiti aka ɗinke shi, aka kuma shimfiɗa mana a zaure. Da safe mai facin garin ya sa ƙafa ya take da'irar, ya ɗaɗɗaure wayoyinta ɗai ɗai har ta miƙe. Muka miƙa masa kuɗi, ya ce, "Ku sayi robar birki da su."

Kwana biyu muka yi a Birnin Kudu. Wani tsoho ya raka mu Dutsen Mesa da Dutsen Habude, autanmu na bin mu da sanda yana ɗingishi, ya rantse ba za a bar shi ba. A ƙarƙashin wata rumfar dutse tsohon ya ce mu durƙusa mu ɗaga kai. Da fari ba mu ga kome ba. Can sai idonmu ya saba, sai ga shanu a jikin dutse, an zana su da jan abu, waɗansu da dogayen ƙahoni, waɗansu gajeru. Abin da ya fi ba mu mamaki, yawancinsu ba su da tozo. Mu da muka fito daga kasuwar Wudil shekaranjiya, inda kowace saniya da tozonta! Masana sun tabbatar marasa tozo su ne suka riga zuwa wannan yanki na Afirka, masu tozo daga baya suka cika ƙasa. Watau wanda ya yi zanen nan abin da ya ke kiwo ya zana.

Nan gardama ta tashi. Babbanmu, wanda ya fi mu nisa a karatun allo, ya ce shi bai ga dalilin da Musulmi zai sha wahalar mil 80 don kallon surar da mutanen jahiliyya suka yi ba. Muka ce da shi ai ba bauta muka zo yi ba, kuma Alƙur'anin da muka karanta tare ya umurci mutane su yi tafiya a ban ƙasa su dubi ƙarshen waɗanda suka gabace su. Ya ce wannan don wa'azi ne, ba don sha'awa ba. Har yau ba mu gama wannan magana ba. Amma mun lura shi ne ya fi kowa daɗewa a durƙushe.

A Dutsen Murufu tsohon ya ɗauki wani dunƙulen dutse ya bugi gefen fa, sai muka ji ya yi ƙara kamar ƙuge. Ya bugi wani wurin, murya ta sake. Inda a ke bugun duk ya yi rami-rami, sumul, saboda yawan hannun da ya bi ta kai. Wani Bature, Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan kayan tarihi na Jos a 1952, shi ya ba duniya labarin waɗannan duwatsu masu kiɗa a 1955. Tsohon ya ce a ƙuruciyarsa amare kan zo nan da ƙawayensu kafin a kai su ɗaki, su yi ta kiɗa da waƙa.

Akwai abin da ba mu so faɗa ba, amma a faɗe shi. Kusa da zanen mun ga sunayen mutane da gawayi da alli, waɗansu ma an ƙarce su da ƙusa. Muna cikin tsine wa masu yi, sai muka waiwaya muka ga ɗayanmu ya fid da alli daga aljihu ya fara harafin farko na sunansa. Tsohon ya dube shi ya ce, "Ɗana, duk waɗannan da ka gani, masu boko ne suka rubuta. Mu ba mu iya ba." Abokinmu ya sa hannun riga ya goge.

Muka komo ta Dutse, wadda ta zama babban birnin Jihar Jigawa a 1991, muka sayi dabino na tsaraba, sa'an nan ta Gaya da Wudil. Iska yanzu tana bayanmu, tafiyar da ta ci mana rai sai ta zama wasa. Kwananmu takwas.

An riga an gaya mana makarantar nan za a mayar da mu in an koma. Mun zana taswirar hanyar a babbar takarda, da Santolo, da gadar Wudil, da wurin da autanmu ya faɗi. Wanda aka yi wa tambayar nan ya roƙa a bar masa ajin.