Kuɗin lakwal kawai na duba

Shekarar da ɗiyar yayata ta ci BEPC a Tanut, ni aka ɗora wa shawarar karatunta, don ni ne kawun da ya taɓa zama Damagaram, ake ganin ya san kan boko. Ita burinta ta wuce lise ta samu bak, sannan ta karanci aikin ungozoma. Ni na hana. Na ce da BEPC ma ana shiga karatun ASB, ma'aikacin lafiya na matakin farko, shekara 3 an gama an fara taimakon gida. Hanyar da take so kuwa shekara 3 ce a lise, wasu 3 a makarantar lafiya. Karatun likita a jami'ar Yamai ko ta Damagaram ban bari ma an ɗauko zancensa ba, tunda ba ya kasa shekara 7 bayan bak.

Ta yi gasar shiga ENSP ta Damagaram, makarantar lafiya ta gwamnati, ba ta dace ba. Da ma na bar ta ta sake gwadawa. Sai na shiga zagaya makarantu masu zaman kansu na Damagaram da tambaya ɗaya a bakina: jika nawa ne a shekara? Wadda ta faɗi mafi ƙanƙanta, nan na kai ta.

Lissafina gurgu ne tun daga tushe. Tsakanin Tanut da Damagaram kusan kilomita 150 ne, ba a jeka-ka-dawo. Akwai hayar ɗaki, abinci, kuɗin mota, farar riga, abin awon jini, fotokofi, da zirga-zirgar istaj. Waɗannan duk makarantar da yaro ya shiga sai an biya su, kuma su suka fi cin aljihu. Ga shi ana komawa lakwal a watan Oktoba, daidai kaka, lokacin da gero ya fi faɗuwa a kasuwa, dole mahaifinta ya buɗe rumbu ya sayar a wulaƙance. Ragin da na yi ta murna da shi ɗan kaɗan ne cikin abin da gidan ya kashe, amma a kansa na jingina makomar yarinya.

A hutun shekara ta biyu na gane ɓarnar. Wata maƙwabciya ta kawo takardar likita da ledar ƙarin ruwa, ta ce tunda ga ɗiyarmu ta gida, ta sa mata. Yarinyar ta ɗaure hannun, ta shafa auduga, ta riƙe allura, sai na ga yatsunta na rawa. Ta ajiye, ta ce a kai matar asibiti. Da dare ta same ni ta ce: "Kawu, ban taɓa sa wa mutum ƙarin ruwa da hannuna ba." A ɗakin gwajinsu, in ji ta, hannun roba ɗaya ne, duk ya huje. Wurin istaj kuma ɗalibai kan yi cincirindo a kan gado guda, na baya sai leƙe ta kafaɗar na gaba, malamin da zai bi su ya duba aikinsu ba a cika ganinsa ba. Araha ba ta ado, ni kuwa ko sau ɗaya ban nemi a nuna mini ɗakin nan ba kafin in biya.

Da aka zo jarrabawar ƙasa, wadda ɗaliban gwamnati da na masu zaman kansu ke zaunawa tare, ta faɗi. Ta maimaita shekara, da sabon kuɗin lakwal da sabuwar haya. Ta ci a karo na biyu, tana aiki yanzu, amma ungozomancin da take so yana nan gaba, sai ta sake komawa aji. Na same ta gaban uwarta na ba ta haƙuri.

Abin ya fi damuna in na tuna inda irin waɗannan yaran ke zuwa. A ƙauyukan Gangara, Tenhiya, ko Tarka ta Belbeji, wadda sai a 2011 aka cire ta daga Tanut ta tsaya da kanta, sau da yawa ma'aikacin CSI, wato ƙaramin asibitin karkara, shi kaɗai ne da dare, babban asibiti na nesa. Tun 2006 da gwamnati ta ce a duba yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta, iyaye mata ke tururuwa wurinsa. Jaririn da gudawa ta tsotse ba zai jira hannu ya daina rawa ba.

Ba kowace makaranta mai zaman kanta ce haka ba, akwai masu horo na gaskiya, tsada kuma ba shaidar inganci ba ce. Iyayen Damargu, yankinmu na Tanut, kafin ku taɓa rumbu, ku je da ƙafarku: ku ga takardar izinin gwamnati, ku shiga ɗakin gwaji, ku ji inda ake istaj da wanda ke bin ɗalibai can, ku nemi sakamakon jarrabawar ƙasa na bara. Kuma ku tambayi yaron abin da shi yake son karantawa, ku saurare shi har ya gama.