Haƙurin Sista Bakhita da Ranar da Ta Ce A'a

Mu tsofaffi ba mu da maganin da ya wuce "yi haƙuri". Mace ta zo da kuka, mu ce ta yi haƙuri; yaro ya kawo ƙara, mu ce ya yi haƙuri. Tsawon kwana ya nuna mini haƙuri iri biyu ne: akwai na mai ƙarfin zuciya, akwai kuma na wanda aka toshe wa baki. Ni Musulmi ne, amma labarin da ya fi bambance mini su na wata sistar Katolika ce 'yar Sudan, Josephine Bakhita, wanda na ji daga bakin wani maƙwabcina Kirista lokacin zamana a Kano.

An haife ta a Darfur wajen 1869. Tana ƙarama 'yan samame suka sace ta, firgicin ya sa ta manta sunan da iyayenta suka raɗa mata. Bakhita ɗin ma masu cinikin bayi ne suka laƙaba mata. Aka yi ta sayar da ita daga hannu zuwa hannu. A gidan wani hafsan sojan Turkawa aka zana mata jiki da gari, aka bi zanen da aska, aka cusa gishiri a raunukan. Tabo 114 ta mutu da su. Duk wanda ya san zafin gishiri a ɗan yankan wuƙa ya san abin da yarinyar nan ta sha.

A 1883 ƙaramin jakadan Italiya a Khartum ya saye ta, daga baya ta bi shi ƙasarsu, ta zama mai reno a gidan iyalan Michieli. Da uwar gidan za ta yi tafiya, sai ta ajiye ta da 'yar da take reno a gidan sistocin Kanosa a Benis. Da matar ta dawo za ta koma da ita Sudan, Bakhita ta ce ba za ta je ba. Aka lallashe ta, aka matsa mata, ta ƙi. Magana ta kai gaban hukuma, kuma ranar 29 ga Nuwamba 1889 aka yanke cewa ita 'ya ce, ba baiwar kowa ba.

Abin da ya biyo baya ba shi da hayaniya. An yi mata baftisma a Janairun 1890, ta ɗauki alkawarin zama sista a 1896. Daga 1902 ta zauna a garin Schio tana girki, tana ɗinki, tana tsaron ƙofa, tana ɗora hannu a kan yaran da ke shigowa makaranta tana sa musu albarka. Ta yafe wa waɗanda suka sace ta, kuma ta faɗa da bakinta. Ta rasu ranar 8 ga Fabrairu 1947, Fafaroma John Paul na Biyu ya ayyana ta waliyyiya a 2000. Cocin Katolika na ware ranar rasuwarta don addu'a kan safarar mutane.

Yafiyarta ta yi nauyi ne saboda ta yi ta tana da 'yancin kanta. Da a ce tana cikin bauta ta furta, ba wanda zai san ko tsoro ne ya sa ta.

Safarar nan ba ta ƙare ba. Yau daga garuruwa irin su Achilafiya, Roni da Gwiwa ana kai ƙananan 'yan mata aikatau birni, dillaliya ta karɓi kuɗin, uwa ba ta ma san unguwar ba. Samari kuma suna tsallaka iyaka zuwa Nijar, su bi Agadas su faɗa hannun masu safara a Libiya. Iyaye, ku san gidan da 'yarku take kwana. In ta zo hutun salla ta ce ba za ta koma ba, ku zaunar da ita ku ji dalili kafin ku ce ta yi haƙuri.