Ƙwaya Ɗaya, Suna Biyu: Magani da Maye a Wurin Aiki

A kakar bara, wani ƙanena mai ciwon sikila ya nemi aikin awo a wata masana'antar casar shinkafa da ke yankinmu na Argungu. Ya ci jarrabawa, sai aka nemi ya kawo fitsari. Gwaji ya nuna ƙwaya, domin kwana biyu kafin nan ciwon ƙashi ya tasar masa, likita a Birnin Kebbi ya rubuta masa Tramadol. Ya miƙa takardar asibiti, ba wanda ya duba. Aikin ya kuɓuce, laƙabin "ɗan ƙwaya" kuma ya biyo shi har unguwa.

Tun daga nan nake nazarin wannan kalma. Da ita Bahaushe ke kiran abin da likita ya bayar, da ita kuma yake kiran abin da mashayi ya haɗiya. Na'urar gwaji ma haka take, burbushi take gani, ba ta san dalili ba.

Wannan ce matsalar da ta dabaibaye masu ɗaukar ma'aikata a ƙasashen da suka halatta tabar wiwi don magani. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta halatta ta a 1996. A 2015 kotun ƙolin jihar Kolorado ta goyi bayan kamfanin da ya kori Brandon Coats, wani mai shanyewar jiki da ke amfani da ita bisa izinin likita, saboda dokar tarayya ta haramta ta. Burbushin wiwi kuwa yakan kai makonni a fitsari bayan maye ya gushe.

A Nijeriya wiwi haramtacciya ce. Dokar soja ta 1966 har hukuncin kisa ta tanadar wa mai noma ta, sannan aka kafa hukumar NDLEA a 1989. A Disambar 2020, da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya ta cire ta daga rukunin ƙwayoyi mafi haɗari, Nijeriya na cikin waɗanda suka ƙi amincewa. Ni ma ba kiran halattawa nake yi ba. Sai dai tambayar da ake yi a Kolorado ta riga ta iso gaɓar gulbin Rima ta hanyar magungunan asibiti.

Mai masana'anta yana da hujja. Wanda ya danƙa wa direba motar shinkafa, ko ya tsayar da yaro gaban injin casa, tilas ya tabbatar da hankalinsa. Amma adalci shi ne idan gwaji ya nuna wani abu, a kira likita ya duba takarda, a kuma rufa asirin sakamakon.

Mu manazarta Hausa muna da namu kason. Takardun faɗakarwa da shirye-shiryen rediyo suna buƙatar kalmomin da za su raba majinyaci da mashayi. Ƙanena ya koma gonar fadama, yana shan maganinsa a ɓoye kamar mai laifi.