Zuwa Akita, Inda Na'ura Ke Kwana Tana Gadin Tsofaffi

Jirgin ƙasan da ake kira Komachi ja ne jawur, kuma manne da wani kore mai suna Hayabusa yake tashi daga Tokiyo. Tare suke falfala gudu har garin Moriyoka, a nan ake raba su. Koren ya miƙa arewa, namu ya karkata yamma ya kutsa cikin duwatsu, gudunsa ya ragu har mutum na iya ƙare wa ƙauyuka kallo. Gonakin shinkafa shimfiɗe ko'ina, amma duk wanda na hango a bakin gona furfura ce a kansa. Gidaje da dama a rufe, ciyawa ta cinye ƙofa. Ƙididdigar gwamnati ta 2023 ta ce gidajen da ba kowa a ciki a faɗin Japan sun kai kusan miliyan 9.

Batun tsufa ne ya kai ni Akita, tafiyar kusan awa huɗu. A Japan kusan kashi 29 cikin ɗari na jama'a sun kai shekara 65 ko sun haura, a wannan jiha kuwa abin ya doshi mutum huɗu cikin goma, babu inda ya kai ta. Matasa sun tafi birni neman aiki, haihuwa ta ja baya. Tun shekarar 2000 ƙasar ta kafa inshorar kula da tsofaffi, wadda duk mai shekara 40 zuwa sama ke zuba kuɗi a ciki. Kuɗi dai an tanada, masu aikin ne babu, har sai da aka fara ɗauko ma'aikata daga Indonesiya a 2008, daga baya Filifin da Biyetnam suka biyo.

Bayan magariba aka shigar da ni wani gidan kula da tsofaffi a wajen gari. Na cire takalmi, aka ba ni silifa, aka sa na wanke hannu. Ma'aikaciyar dare, wata 'yar matashiya mai fara'a, ta buɗe mini wani ɗaki da ba kowa, ta nuna mini wata 'yar na'ura a saman bango, daura da gado. Kyamara ce, sai dai da wani haske take aiki wanda idon mutum ba ya gani, don haka duhu ba ya hana ta komai. An riga an nuna wa na'urar iyakar gadon. Idan mai ɗakin ya tashi zaune, ko ya sauko da ƙafafu, ko ya bar gadon, wayar da ke aljihun ma'aikaciya za ta yi ƙara.

Muna tsaye a baranda wayar ta yi ƙara. Ta juyo mini da ita in gani. Ba fuska a allon, ba launin tufafi, sai surar mutum kamar inuwa a jikin bango, zaune a bakin gado, tana laluben ƙasa da ƙafa ɗaya. Ma'aikaciyar ba ta tsaya bayani ba, ta yi gaba da sauri. Wata dattijuwa ce mai ciwon mantuwa ke son zagayawa, kuma ba ta tuna cewa ƙafafunta ba sa ɗaukarta. Kafin ta miƙe an riga an tallabe ta. Daga inda nake ina jin muryar yarinyar ƙasa-ƙasa tana lallashinta.

Wannan inuwa ta daɗe a raina. Wanda ya ƙera na'urar ya san cewa tsoho ma yana da tsiraici da kunya, yana canja kaya, yana kuka shi kaɗai wani lokaci. Abin da ma'aikaciya ke bukata ta sani shi ne ko zai faɗi, kuma iyakar abin da aka ba ta ke nan. Faɗuwa kuwa ba ƙaramin abu ba ce ga mai shekara tamanin: karayar ƙugu guda kan kwantar da mutum kwanciyar da ba ya sake tashi.

Akwai kuma wani siririn faifai da ake sakawa ƙarƙashin katifa, irin Nemuri SCAN na kamfanin Paramount Bed. Ba ya taɓa jiki, amma yana auna numfashi da bugun zuciya da motsi, ya nuna a kwamfuta wa ke barci, wa ke farke. A da sai an bi ɗaki-ɗaki da tocila cikin dare, a tashi wanda da ƙyar ya samu barci. Yanzu a bar mai barci ya huta, a je wa mai bukata.

A nan ne kuma hankalina bai kwanta ba. A 2021 hukuma ta sassauta ƙa'idar yawan ma'aikatan dare ga gidajen da suka kafa irin waɗannan na'urori. Na fahimci dalili, tunda mutanen babu su. Amma na ga da idona cewa hannun yarinyar nan ne ya riƙe dattijuwar. Idan waya ta yi ƙara daga ɗaki biyu lokaci guda, dole ɗaya ya jira. Idan riba ta shiga lissafi, na'urar da aka kawo don ta sauƙaƙa wa ma'aikaci aiki za ta iya zama hujjar rage shi.

Washegari a wani shagon kayan lantarki na ga wata dabara ta waɗanda ke zaune su kaɗai a gida. Tun 2001 kamfanin Zojirushi ya fito da butar shayi mai aika saƙo ga 'ya'ya idan an yi amfani da ita. Tsohuwa ta haɗa shayinta da safe, ɗanta a Osaka ya san ta tashi lafiya. Ba kyamara, ba kallo. Idan shiru ya yi yawa, sai a buga waya ko a tura maƙwabci.

Mu ma 'ya'yanmu sun watsu, wasu a Abuja da Legas, wasu a ƙetare, kuma kyamarar da ake haɗawa da waya ta yi araha a kasuwa. Ga mai niyyar kafa wa Baba ko Inna irinta, ina roƙon ka fara zama da su ka nemi yardarsu, kada ka sa ta inda suke suturta jikinsu, sannan ka tanadi wanda ke kusa da zai ruga cikin dare idan waya ta yi ƙara.